Wanda ya kwafa, ya sa sunansa

Iyaye da yawa a nan Tabelot suna riƙe da takardar haihuwa da ke cewa an haife su "wajajen 1980". Magatakardan da ya rubuta haka gaskiya ya faɗa, ƙiyasi ya yi. Amma ranar da aka shigar da takardar cikin kwamfuta, na'urar ba ta san "wajajen" ba, sai ta zama 1 ga Janairu 1980. Ƙiyasi ya koma tabbas, kuma babu inda aka rubuta wa ya canza shi.

Irin wannan nake jiye wa littattafanmu, yanzu da ake ta kwashe bayanansu daga kati da rajista zuwa kwamfuta. Ku duba rubuce-rubucen Larabci da Ajami da marigayi Boubou Hama ya tara, waɗanda ke cibiyar IRSH ta Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai. Dubbai ne, kuma gidauniyar Al-Furqan ta Landan ta buga kundin bayanansu. Sunan malami guda, kamar Shaihu Jibrilu ɗan Umaru, malamin Shehu Usmanu da tarihi ya danganta da Agadas, yakan fito da harufan Larabci, ya fito da rubutun Faransanci, ya fito da na Ingilishi. Idan an haɗe su a rumbu ɗaya ba a faɗi daga ina kowanne ya zo ba, ɗalibi zai ɗauka mutum uku ne. Harufanmu masu lanƙwasa ma sukan faɗi a hanya, "ƙare" ya wayi gari "kare".

Wasu abokan aiki sukan ce mini wannan ɓata lokaci ne, tunda littattafan ma ba su ishi yara ba. Na ji. Amma layi ɗaya ne fa: daga wace rajista aka ɗauko, wa ya kwafa, yaushe, da wace manhaja. Tsarin MARC, wanda ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya ƙirƙiro a shekarun 1960, ya ware gurbi mai lamba 040 don wanda ya fara rubuta bayanin da wanda ya gyara, da gurbi na 884 don bayanin da aka juyo daga wani tsari. Mu kuwa ba baƙon abu ba ne gare mu. Malaman zaure ba su karɓar hadisi sai da isnadi, kuma mai kwafar littafi da alƙalami yakan rubuta sunansa a ƙarshe, wani lokaci har da ranar da ya gama.

Ni dai ɗaliban da nake horarwa su zama malamai, na sa musu doka: duk wanda ya mayar da jerin littattafan makaranta ko sunayen yara cikin kwamfuta, ya ƙara layi na asali, ya kuma ajiye tsohuwar rajistar a kabad. Iyaye, ku ma idan kun ga an canza harafi a sunan ɗanku kafin jarrabawar BEPC, ku tambayi darakta daga wace takarda aka kwafo.