Wa ke da hurumin rufe gidan rediyo?

A farkon watan Agustan 2025 Gwamnan Jihar Neja, Mohammed Umar Bago, ya ba da umarnin a garƙame gidan rediyon Badeggi FM da ke Minna, bisa zargin cewa shirye-shiryensa na tunzura jama'a. Ba kotu ce ta yanke hukuncin ba, kuma ba Hukumar Kula da Kafofin Yaɗa Labarai ta Ƙasa, NBC, ce ta binciki zargin ba. A wurin taron jiga-jigan jam'iyya aka furta maganar. Daga baya Ministan Yaɗa Labarai, Mohammed Idris, wanda shi ma ɗan jihar ne, ya tunatar cewa dakatar da lasisin gidan rediyo hurumin NBC ne.

Irin wannan ta taɓa faruwa. A watan Oktoban 2022 gwamnatin Zamfara ƙarƙashin Bello Matawalle ta rufe wasu kafofi a Gusau, ciki har da gidan talabijin na NTA mallakar gwamnatin tarayya, saboda sun ɗauko rahoton taron jam'iyyar PDP alhali an hana tarukan siyasa a jihar. Sai da aka yi ca a kanta kafin ta janye. Doka a fili take: lasisi a hannun tarayya yake, kuma Sashe na 39 na kundin tsarin mulkin 1999 ya bai wa kowane ɗan ƙasa 'yancin faɗin albarkacin bakinsa da karɓar bayani. Gwamnan da yake ganin an ɓata masa suna, ƙofar kotu a buɗe take gare shi, kamar yadda take ga mai sayar da lemo a bakin tasha.

Sai dai ita ma NBC hannunta ba wankakke ba ne. A watan Agustan 2022 ta ci tarar Trust TV naira miliyan 5 saboda wani shiri da ya shiga dajin 'yan bindiga ya ji ta bakinsu da ta bakin mutanen da suka addaba. Ta ci irin wannan tara ga kamfanonin da suka haska shirin BBC kan 'yan bindigar Zamfara. Hujjarta ita ce an kambama ta'addanci. Amma manomin Zurmi ko Maradun da ke biyan haraji ga ɓarayin daji kafin ya girbe gonarsa ba daga talabijin ya san su ba. Abin da shirye-shiryen suka yi shi ne nuna wa mazauna Abuja da Legas halin da yake ciki, kuma ga dukkan alamu wannan ne ya yi wa mahukunta zafi.

A watan Mayun 2023 Mai Shari'a James Omotosho na Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ya yanke hukunci a ƙarar da ƙungiyar Media Rights Agenda ta shigar kan tarar naira 500,000 da NBC ta ɗora wa kowacce daga cikin tashoshi 45 a 2019. Ya ce hukumar ba kotu ba ce, don haka ba ta da ikon cin tara. Dalilin kuwa kowa zai fahimta ko da bai karanci shari'a ba: ita ce ta rubuta ƙa'idar, ita ce mai ƙara, ita ce alƙali, kuma ita ke karɓar kuɗin. Shugaban ƙasa ne ke naɗa shugabanta. Duk ranar da rahoto ya taɓa gwamnati, da wuya a yarda cewa irin wannan hukuma za ta riƙe sikeli daidai.

Wannan duka bai wanke 'yan jarida ba. Duk mai kunna rediyo da dare a Kano ya san yadda ake sayen fili a shirye-shiryen siyasa, a bai wa sojojin baka makirufo su yi wa mutum kaca-kaca, su taɓa iyayensa da iyalinsa, mai gabatarwa na gefe yana ƙara zuga su domin kuɗin filin sun riga sun shiga asusu. Akwai ambulan da ake rabawa bayan taron manema labarai da sunan kuɗin mota. Akwai gidajen jaridar da ke shafe watanni ba albashi, kamar ana ce wa wakili katin shaidarsa ne gonarsa. Ga kuma shafukan Facebook da ke wallafa hoton gawa ko sunan yarinyar da aka yi wa fyaɗe don neman masu bibiya. Kundin ɗa'ar aikin jarida da aka amince da shi a Ilorin a 1998 ya haramta karɓar na goro, ya kuma hana bayyana sunayen yaran da irin wannan ta shafa. Nawa ne daga cikin masu riƙe da makirufo a yau suka taɓa buɗe shi?

Da wannan ɓaraka gwamnoni ke fakewa. Lokacin da gwamnatin Kano ta sanar da hana shirye-shiryen siyasa kai-tsaye a watan Mayun 2025, cin mutuncin da ake yi a rediyo ta kafa hujja da shi, kuma ba a rasa masu sauraren da suka yi na'am ba. Matakin ya wuce hurumin jiha, amma kafofin ne suka miƙa mata sandar.

A 2023 ƙungiyoyin masu jaridu da editoci da 'yan jarida sun kafa Hukumar Sauraren Ƙorafe-ƙorafe kan Kafofin Yaɗa Labarai ta Ƙasa, ƙarƙashin Emeka Izeze, domin wanda aka zalunta a rahoto ya sami inda zai kai kuka ba tare da ya ɗauki lauya ba. Tunani ne mai kyau, sai dai mafi yawan masu sauraren rediyo a Arewa ba su ma san da ita ba. Ya kamata kowace tasha ta riƙa sanar da yadda ake kai ƙorafi, da Hausa, a cikin shirye-shiryen da suka fi jan jama'a, ta kuma karanta gyara a daidai filin da aka yi kuskure. Majalisar Dokoki ta Ƙasa kuma ta gyara dokar NBC yadda hukumar za ta tattara hujja ta miƙa wa kotu, alƙali ya yanke hukunci.