Malamin Allo da Hutun Annoba

Bayan haka, a shekarar 2020, da annobar korona ta shigo, hukuma ta rufe makarantu, gwamnonin Arewa suka mai da almajirai garuruwansu, aka ce a yi karatu ta rediyo. Rufewar ba ta saɓa wa shari'a ba, gama Sayyidina Umaru ya juya daga hanyar Sham saboda annoba. Amma karatun allo daga baki yake zuwa baki. Rediyo ba ya jin yaro ya mai da sodi sin, balle ya gyara masa. Malamin gwamnati ya zauna gida albashinsa na zuwa. Malamin allo kuwa kuɗin Laraba ya yanke masa. Wanda ya ce ya rufe zaurensa, hukuma ko attajiran unguwa, shi ya kamata ya auna masa gero har a buɗe.