Sharhi: Aikin Kimiyyar Ɗalibai Yana Nan a Bakin Kogin Nilu



Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilun 2023, karatu ya shiga mawuyacin hali a Khartum da Omdurman. Makarantu sun daɗe a rufe, kayan gwaji da yawa sun salwanta. Yanzu malami zai ce wa ɗalibi ya kawo aikin kimiyya na ƙarshen zango, yaro ya rasa ta inda zai fara. Sharhinmu na yau yana cewa akwai fannin lissafi guda da kayan aikinsa ke zube a ƙasa, kyauta.

Fannin shi ne na firaktal, wato siffar da ƙaramin sashenta ke kama da babbanta. A dubi bishiyar gabaruwa: gangar jiki ta rabu rassa, kowane reshe ya sake rabuwa, har zuwa ƙananan tsinkaye. Haka hanyoyin iska suke cikin huhun ɗan Adam. Masanin lissafi Benoit Mandelbrot ne ya tattara wannan ilimi a shekarun 1970, kuma Kogin Nilu na da hannu a ciki. A 1951 masanin ruwa Harold Hurst ya bayyana abin da ya gano cikin tsofaffin bayanan cikar kogin: shekarun ruwa kan zo a jere, na fari ma a jere. Mandelbrot ya ɗora a kan wannan, har ya danganta lamarin da shekarun yalwa da na yunwa na zamanin Annabi Yusuf. Duk mai gina madatsar ruwa yana bukatar wannan lissafi.

To, me ɗalibi zai yi? Na farko, ya sauka bakin kogi a Mugran ko tsibirin Tuti da ke Khartum bayan ruwa ya janye, lokacin da laka ta bushe ta tsattsage. Ya ɗauki hoto da waya, ya zana layukan tsagar a takarda, ya shimfiɗa mata gidaje masu faɗin santimita 4, ya ƙirga waɗanda tsaga ta ratsa. Ya sake da santimita 2, sannan 1. Miƙaƙƙen layi ninki biyu yake bayarwa a kowane mataki, cikakken fili ninki huɗu, tsagar laka kuwa tsakani take faɗawa. Sai ya kwatanta laka da ƙasa mai yashi, ya ga wadda ta fi buɗe wa ruwa hanya. Manomin Tuti zai so jin amsar.

Na biyu, magudanar ruwa. Mutanen Omdurman sun san yadda ƙananan kwazazzabai ke haɗuwa su faɗa rafin Khor Abu Anga, kuma ba su manta da ambaliyar 1988 da ta 2020 ba. Faranti, yashi da buta sun isa: ɗalibi ya haƙa hanya guda miƙaƙƙiya a gefe ɗaya, mai rassa a ɗaya gefen, ya zuba ruwa daidai wa daida, ya auna lokacin da kowace ta tsane.

Na uku, eriya. A lanƙwasa wayar tagulla, a sake lanƙwasa kowane lanƙwasa da siffa iri ɗaya, a gwada kamun tashoshin rediyo da ita da miƙaƙƙiya. 'Yan mata kuma ga kitso: Ron Eglash, a littafinsa na 1999 kan firaktal a Afirka, ya nuna yadda kitso da tsarin wasu garuruwanmu ke bin wannan ƙa'ida.

Sai dai a kula. Zane mai kyau kaɗai bai zama kimiyya ba. Dole a sami tambaya, awo, da sakamakon da wani zai iya maimaitawa.

Muna kira ga malamai su ba da maki ga awon da yaro ya yi da hannunsa, su daina karɓar abin da aka kwafo daga intanet. Iyaye kuma su raka yaransu bakin kogi, su tsaya kusa da su har su gama awon.