Wanda Ya Rufe Maka #REF! Da IFERROR Bai Gyara Maka Komai Ba

Ɗan uwa, in kana da fayil ɗin Excel da kake lissafin dukiya da shi, taka ko ta mutane, yau da kai nake. Akwai wata ɗabi'a da ta ishe ni. Fayil ya fara nuna #REF! ko #NAME?, ka kai wa mai gyara a shagon kwamfuta, ya naɗe kowace fomula da IFERROR, ya ce in an samu kuskure ta rubuta 0, ya miƙo maka fayil fes. Ka biya, har da godiya. To wallahi bai gyara komai ba. Fitilar man inji ce ta kama a mota, shi kuma ya manna mata salatif.

Bari mu ɗauki misali. A ce kana sayar da taki, babban shago a Gusau, reshe ɗaya a Tsafe, ɗaya a Bungudu, kowanne da shafinsa a fayil guda. Wanda ya tsara maka fayil ɗin ya yi dabara mai kyau: maimakon fomula ta riƙa cewa B2 zuwa B300, sai ya raɗa wa wurin suna, Cinikin_Tsafe. Shi ne ake kira Named Range. Sunan nan ba ya ɗauke da ko kwabo, nuni kawai yake yi, kamar kwatancen gida. Ranar da yaronka ya goge shafin Tsafe don ya buɗe sabo na wannan damina, gida ya rushe, kwatance na nan. Duk fomular da ke kiran sunan sai ta ce #REF!. In kuma sunan aka goge, ko aka yi kuskuren harafi wajen rubuta shi, sai ta ce #NAME?. Kuma ka sani, goge shafi ba ya dawowa da Ctrl+Z.

To a nan ne mai IFERROR ke yi maka ɓarna. Excel ta ce maka ba ta ga cinikin Tsafe ba, shi ya sa ta ce cinikin Tsafe sifili ne. Jimillar wata ta fito tsaf ba ja ba komai, amma reshe guda ya ɓace a ciki. Wa za a tuhuma? Yaron shago, wanda bai ci ko sisi ba.

Na san abin da masu gyaran za su ce: mai kaya ba ya son ganin kuskure, sauri yake yi, kuma ai Microsoft ce ta yi IFERROR. Gaskiya ne, tana da gurbinta. In kana neman sunan kwastoma da VLOOKUP, ka san wani lokaci ba zai kasance a jerin ba, ka sa ta rubuta "babu". Ko a nan ma IFNA ta fi, don ita #N/A kaɗai take kamawa, ta bar sauran su yi ihu. IFERROR kuwa ba ta tantancewa, duk abin da ya zo haɗiyewa take yi. Saurin da ake faɗa kuma, minti nawa gyaran gaskiya yake ci? A kwamfuta ka danna Ctrl+F3, Name Manager ya buɗe. Ka taɓa Filter, ka zaɓi Names with Errors. Duk sunan da ya mutu zai fito, za ka ga #REF! a gurbin Refers To. Ka nuna masa sabon wurin, shi ke nan, fomula ɗari ma in suna kiransa duk sun warke lokaci guda. Kar dai ka yi gaggawar goge suna kafin ka nemi shi da Ctrl+F a duk fayil ɗin, in ba haka ba ka sauya #REF! da #NAME? ne kawai.

Amma abin da ya fi ba ni tsoro shi ne kuskuren da ba ya magana. Sunan nan ya tsaya a layi na 300, kai kuma ciniki ya buɗe har ka kai layi na 420. Layuka 120 ba sa shiga lissafi, kuma babu abin da zai nuna maka. Kar ka ce wannan sai ɗan koyo. A 2010 wasu manyan masana tattalin arziki biyu a Amurka, Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff, sun fitar da binciken da 'yan siyasa suka riƙa kafa hujja da shi wajen tsuke bakin aljihun gwamnati. A 2013 wani ɗalibi a jami'ar Massachusetts, Thomas Herndon, ya karɓi fayil ɗinsu ya duba, ya ga fomular ta tsaya kafin ƙarshen jeri, ta bar ƙasashe 5 cikin 20 a waje. Ba shi kaɗai ne aibin binciken ba, amma shekara uku ya yi a kwance ba wanda ya gani. Maganin wannan a wurinka mai sauƙi ne: ka zaɓi jerin, ka danna Ctrl+T ya zama Table, duk layin da ka ƙara a ƙasa zai shiga da kansa.

Ga wani kuma, wanda masu rassa suka fi faɗawa. Ka kwafi shafin Gusau ka mayar da shi na Bungudu don kar ka sha wahala. In akwai suna Farashin_Urea da ke nuni cikin shafin Gusau, Excel za ta haifar da wani mai irin sunan, na shafin Bungudu kaɗai. Ka canza farashi a Gusau, Bungudu na can tana lissafi da na bara. A Name Manager ka duba gurbin Scope, in ka ga suna ɗaya sau biyu, ɗaya Workbook ɗaya sunan shafi, to ka kama ɓarawon. Haka in aka kwaso shafi daga fayil ɗin wani, sunayen kan biyo shi suna nuni ga fayil ɗin da ke kwamfutarsa. Shi ya sa kullum ka buɗe sai ta dame ka da maganar sabunta mahaɗi.

Wajen raɗa suna ma a kula. Babu tazara a ciki, kuma NPK15 ba zai yiwu ba, don a wurin Excel wannan adireshin ɗaki ne, haka ma KG50. Ka rubuta Taki_NPK. Ni ban ba ka shawarar sa harafi mai ƙugiya ba, ko da yake ina kishinsu, don Kuɗin_Mota da Kudin_Mota ba abu ɗaya ba ne a wurinta, kuma ba kowane yaro ke da madannin Hausa ba.

Na san yawancinku a waya kuke buɗe fayil ɗin da aka turo ta WhatsApp, kuma Excel ta Android ba ta da Name Manager. Duk da haka ba a ɗaure maka hannu ba. Ka taɓa ɗakin jimilla, ka karanta fomular da ta fito. In ka ga ta fara da IFERROR ta ƙare da 0, ka mayar wa wanda ya turo, ka ce ya cire ya sake turowa ka ga abin da ke ƙasa. Kafin kowa ya taɓa fayil ɗin, ka ajiye kwafi da kwanan watan ranar a sunansa. In kuma za ka kai shagon kwamfuta, ka ja kujera ka zauna kusa da shi, ka ce ya danna Ctrl+F3 a gabanka.