Manhajar da Ta Saba da Ciwon Tsoho

A shekarar 2001 kamfanin Zojirushi na ƙasar Japan ya fito da wata butar shayi ta lantarki mai aika saƙo. Duk sa'ad da tsohuwa mai zaman kaɗaici ta taɓa butar, sai a rubuta lokacin, a aika wa 'ya'yanta na nesa ta imel. Dabara ce mai sauƙi, kuma ni ban ga aibinta ba, domin butar ba ta yanke hukuncin komai. Ta faɗi abin da ya faru, ta bar wa ɗa ya yi tunani.

Rigimata da jikokin wannan buta ce. A yau, a ƙasar da kusan kashi 29 cikin 100 na mutanenta sun kai shekara 65, da kuma Tarayyar Turai wadda ta fara zuba kuɗi a shirin taimaka wa tsofaffi su zauna a gidajensu tun 2008, injiniyoyi sun dukufa kan manhajar da suke yi wa kirari da mai gyara kanta. Ana dasa ƙananan na'urori masu jin motsi a ƙofa da gado da makewayi da firji. Manhajar ta nazarci tsoho na 'yan makonni, ta gane lokacin tashinsa da yawan zirga-zirgarsa, ta ɗauki wannan a matsayin ma'auni. In ya kauce wa ma'aunin sai ta yi kururuwa. In kuma ɗabi'arsa ta sauya, sai ta matsar da ma'aunin da kanta, ba tare da ta tambayi kowa ba. Wannan matsarwar ita ce abin alfaharinsu, kuma ita ce nake tuhuma.

Tsufa ai ba ya zuwa da ganga. Faɗuwa a makewayi abu ne na farat ɗaya, na'ura za ta iya kama shi. Amma mantuwa da ciwon gwiwa da mutuwar zuciya sannu suke shigowa. Dattijon da yake fita ƙofar gida sau huɗu a yini ya koma uku, bayan wata biyu ya koma ɗaya, daga baya ya daina. Manhajar da aka hore wa bin halinsa tana biye da shi mataki-mataki, kullum tana cewa lafiya lau, domin yau ta yi kama da jiya. Sabo turken wawa, in ji masu iya magana. 'Yar da ta yi wata uku ba ta ga mahaifinta ba, da ta shigo za ta ga ramar da ke wuyansa. Amma me zai kawo ta, tunda wayarta ba ta yi ƙara ba?

Za a ce mini in aka hana manhajar sabawa, za ta riƙa kururuwar ƙarya har a gaji a kashe ta. Gaskiya ne, kuma na san ma'aikatan jinya sun yi ƙaranci. Sai dai maganin kururuwar ƙarya bai kamata ya zama shirun ƙarya ba. A tilasta wa masu ƙera ta su ajiye ma'aunin farko, a riƙa gwada yau da bara. Duk sa'ad da za ta matsar da ma'auni, ta sanar da likita da iyali da kalmomin da kowa zai fahimta.

Shi kuma mai gidan, wanda ake ƙirga shigarsa makewayi cikin dare, kusan kullum shi ne na ƙarshe da ake shawarta. Ɗa ne ke saye, kamfani ke riƙe da bayanan. A ba shi ikon ganin abin da aka rubuta a kansa, a kuma sa makunnin kashewa inda hannunsa zai kai daga kan gado.