Mai Toshe Birki Da Ƙusa Da Mai Biyansa, Duk Kanwar Ja Ce

Akwai wata ta'asa da ta zama ruwan dare a garejojinmu, tun daga Sassumbrum har Magariya da Dungas, wadda muka saba da ita har muka daina ganin muninta. Mota za ta zo da birkin ƙafa ɗaya yana yoyo ko ya cije, sai bakanike ya kwance bututun da ke kai mai ga wannan ƙafa, ya cusa masa ƙusa ko ya daddake bakinsa da guduma, ya ce wa mai mota: "Alhaji, je ka abinka, ƙafa uku ma sun isa." Alhaji ya biya, ya yi godiya, ya kwashi iyalinsa ya hau hanyar Damagaram. A wurina wannan ganganci ne da rayukan mutane, kuma da wanda ya toshe da wanda ya biya aka toshe, kowa yana da kamasho a cikin alhakin.

Bari in fara da bayanin abin da ake toshewar, don da yawa daga masu motoci ba su taɓa leƙa bayan tayarsu ba. A jikin kowace ƙafar gaba akwai faifan ƙarfe da ke juyawa tare da taya. A kansa akwai wani ƙarfe da ya rungume shi kamar awartakin maƙeri, wanda kanikawanmu da suka koyi aiki da Faransanci ke kira etiriye, na Najeriya kuma su ce kalifa. Idan direba ya taka birki, mai ne ke bi ta bututu ya tura fistan da ke cikin awartakin, fistan ya matse takalman birki biyu a jikin faifai, mota ta tsaya. Abin da ke hana man zuba zoben roba ne, abin da ke hana ƙura shiga wata rigar roba ce, sannan akwai ƙusoshi biyu masu giris waɗanda awartakin ke zamewa a kansu. A nan rayuwar duk wanda ke cikin motar ta rataya: roba biyu da ƙusa biyu.

To, dubi ƙasar da muke ciki. Da rani rairayi da ƙurar hunturu, da damina kuma mu tsunduma cikin ruwan koramu da taɓo. Da zarar rigar robar nan ta tsage, yashi da ruwa sun samu ƙofa. Fistan ya yi tsatsa, ƙusoshi su bushe, awartaki ya cije. Kuma mota ba ta ɓoye ciwonta. Za ka ji tana fizga gefe guda in ka taka birki, za ka ji ƙauri, ka taɓa ƙafar ka ji ta fi ƴan uwanta zafi, takalmi ɗaya ya cinye ɗayan yana nan da sauransa, ga shan mai ya ƙaru domin injin yana jan motar da ke riƙe da kanta. Mai motar da ya ga duk waɗannan ya ce bai sani ba, ya dai ƙi sani ne.

Motocin da iyalanmu ke hawa ba yara ba ne. Toyota Carina E, wadda har yau ake ji da ita a wajenmu, an daina ƙera ta tun 1997. Ta gama aikinta a Turai, inda ake zuba gishiri a kan hanya saboda ƙanƙara, ta sha tsatsarta, sannan aka loda ta a jirgin ruwa ta sauka Kwatano, ta zo mana a matsayin sabuwa. Mukan canza mata fenti, mu sa mata labule da rediyo mai ƙara, mu wanke ta kowace safiya har tana ƙyalli. Amma ka tambayi mai ita yaushe rabon da a canza man birki, sai ya dube ka kamar ka yi masa wani yare.

Man birki yana da wata ɗabi'a: yana tsotsar laima daga iska. Irin wanda aka rubuta wa DOT 3, sabonsa ba ya tafasa ƙasa da digiri 205, amma idan ya sha laima ma'aunin da aka yarda da shi ya sauko zuwa 140. DOT 4 kuwa daga 230 zuwa 155. Shi ya sa kamfanonin mota da yawa ke cewa a canza shi duk shekara 2. Idan mai ya tafasa a cikin bututu ya zama tururi, kuma tururi matsuwa yake yi, sai ka taka birki ƙafarka ta tafi har ƙasa babu abin da ya kama. Yanzu ka auna wanda man birkinsa ya ƙare a hanya ya kaɗa ruwa da garin sabulu ya ɗura, ruwan da ke tafasa a digiri 100 kuma yake cinye ƙarfe ta ciki. Ko wanda ya zuba baƙin man inji, wanda ke kumbura robobin har su saki. Duk ana yi, kuma ana ba da labarinsa a majalisa ana dariya, wai dabara.

Birkin gaba shi ke ɗauke da mafi yawan aikin tsayar da mota, domin nauyi gaba yake rinjaya in an taka. Idan aka toshe na hagu, na dama kaɗai zai kama, motar ta karkata dama da ƙarfi. A tafiyar cikin gari ba za ka gane ba. Ranar da za ka gane ita ce ranar da saniya ta faɗo maka, ko amalanken rake ya ɓullo daga kwana. Lissafin da muke koya wa yara a lakwal ya isa hujja: motar da ke gudun kilomita 80 tana cin mita 22 a daƙiƙa ɗaya, kuma in ka ninka gudu sau biyu, nisan tsayawa sau huɗu yake ninkuwa. Wannan fa da lafiyayyen birki ke nan. Ni da nake ganin yadda ɗalibai ke kwararowa bakin hanya in an tashi, wasu ko tsawon bonet ba su kai ba, ba na iya ɗaukar wannan magana da wasa.

Na san amsar da za a ba ni, kuma ba zan raina ta ba. Za a ce babu kuɗi. Gaskiya ne, tun daga takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da rufe iyakar Benin, kayan mota sun yi tsada, kuma magidanci yana da hatsi da magani a gabansa. Sai dai yawancin awartakan da ake toshewa ba mutuwa suka yi ba. Ana sayar da robobinsu daban. A kwance, a wanke, a goge tsatsa, a sa sabon zobe da sabuwar riga, a shafa wa ƙusoshi giris na birki wanda ba ya cin roba, a fitar da iska daga bututu. Aikin yini guda ne, kuma kuɗinsa bai kai na taya ɗaya ba. Sai in fistan ya rarake ko gidansa ya tsage ne ake maganar sauyi. In ma hakan ta kama, Ƙofar Ruwa a Kano cike take da su, kuma Kano ba ta yi mana nisa ba. Mai saye dai ya lura: na hagu daban, na dama daban, ƙusar fitar da iska dole ta kalli sama, in aka juya su iska ba za ta taɓa fita ba. Takalma kuma ana canza na ƙafa biyu tare. Wanda ko wannan ya gagare shi, to ya jingine motar. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Amsa ta biyu ita ta fi ci mini rai: wai tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Mun yi imani da ƙaddara, babu ja. Amma addinin da ya koya mana ƙaddara shi ne ya umarci mai raƙumi ya ɗaure raƙuminsa kafin ya ce ya dogara. Wanda ya san birkinsa a toshe yake, ya ɗauki matarsa da ƴaƴansa da ɗan maƙwabci, ya zuba gudu, in abu ya faru bai kamata ya ɓuya a bayan ƙaddara ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 mutum kusan miliyan 1.19 ke mutuwa a hatsarin hanya duk shekara, kuma in aka auna da yawan jama'a nahiyar Afirka ce kan gaba, alhali mu ne masu ƙarancin motoci. Shin ajali ne ya fi son mu, ko sakacinmu ne ya fi na kowa?

Ga kanikawa ina da magana ta musamman, domin ina girmama sana'arku, kuma na san wasunku na ƙin wannan aiki ko da za su rasa ciniki. Ku ne likitocin mota. Likita ba ya ɗaure jijiyar mara lafiya don ya ce ba shi da kuɗin magani. In mai mota ya matsa a toshe, ku ce masa ya nemi wani. Shugabannin kanikawa na kowane gari su zauna su haramta abin a tsakaninsu, su kuma daina koya wa yaran gareji shi a matsayin gwaninta, domin abin da yaro ya gani hannun maigidansa shi zai yi shekara talatin masu zuwa.

Hukuma ma da nata. Takardar binciken lafiyar mota ba ta tsayar da mota. Jami'in da ya karɓi takardu ya duba hatimi ya ɗaga hannu, bai san ko ƙafa nawa ke da birki ba, alhali leƙawa ɗaya bayan taya za ta nuna dakakken bututu. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, ANISER, ta sani cewa wayar da kai bai kamata ya tsaya a Yamai da manyan birane ba. A zo tashoshinmu ranar kasuwa, a yi bayani da Hausa, a gidajen rediyon karkara a maimaita.

Kai kuma mai mota, gobe da safe kafin ka aiki yaro ya ɗebo ruwan wanki, buɗe bonet ka dubi kwalbar man birki. In ya yi baƙi ko ya ragu, ka wuce gareji, ka tsaya a kai har a cire taya ka gani da idonka. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Allah Ya tsare mu da iyalanmu a kan hanya, Ya ba mu ikon gyarawa.