Ja da Yalo Ba Goro Ba Ne



Ranar Talata da daddare ina zaune a teburin mai shayin unguwarmu, wani bawan Allah ya zo ya zauna kusa da ni yana dafe da ciki. Ya ce a haɗa masa mai kauri, a zuba madara sosai. Da aka miƙo masa, sai ya zaro kafso biyu daga aljihun gaba, ƙunshe a 'yar leda, ya watsa a baki ya kora da shayin. Na ce, "Malam, lafiya dai?" Ya ce, "Cikin ne ke murɗa min tun la'asar, amma tunda na sha ja da yalo yanzu zai lafa."

Ban ce masa komai ba, don ya girme ni. Amma abin ya tsaya mini a rai, domin ni ma na sha yin haka, kuma na san da wuya a sami gidan da ba a yi.

Ja da yalo sunansa na asibiti tetirasaikilin, kuma magani ne mai daraja. Na farko a danginsa wani dattijon masanin tsirrai na Amurka, Benjamin Duggar, ya samo shi daga wata ƙwayar halitta da ke rayuwa cikin ƙasa, aka bayyana shi a 1948. Har gobe likitoci na amfani da shi da ƙaninsa dokzisaikilin wajen kwalara, wasu cututtukan sanyi, da ƙurajen fuska masu taurin kai. Akwai ma na shafawa a ido. Don haka ba maganin nake zargi ba. Mu ne muka raba shi da takardarsa, muka mayar da shi abin saye ɗai-ɗai kamar goro.

Yadda yake aiki shi ne ya hana bakteriya ƙera sinadarin furotin da take buƙata don ta hayayyafa, sai garkuwar jiki ta ƙarasa ta. Wannan ba aikin dare ɗaya ba ne. Dole maganin ya zauna cikin jini na kwanaki, shi ya sa idan likita ya rubuta wa babba, yawanci bayan kowace awa 6 ake sha har a kammala kwanakin da aka yanka. Kafso biyu na mutumin teburin shayi ba su isa su kawar da komai ba. Sannan ya kora da madara. Kalsiyam ɗin da ke cikin madara, nono ko yogot yakan kama maganin tun a hanji ya ɗaure shi, ya fita da shi ba tare da yawancinsa ya shiga jini ba. Haka maganin olsa na tauna ko na ruwa yake yi masa, haka ƙwayar ƙarin jini. Ƙa'idarsa a sha da ruwa kofi cike, awa ɗaya kafin abinci ko awa biyu bayansa, kuma kada a kwanta nan take, don idan ya maƙale a hanyar abinci yana iya yi mata rauni.

To wai ma wa ya ce murɗawar cikin tasa aikin bakteriya ce? Mura da yawancin gudawa, musamman ta yara, ƙwayar bairos ke kawo su, ita kuwa ba ruwanta da ja da yalo. Da kanta take wucewa, sai mu ba kafso yabon. Abin da yaro mai gudawa yake buƙata shi ne ruwan gishiri da sukari na leda, da ƙwayar zink ta kwana 10 zuwa 14, a kuma garzaya asibiti idan an ga jini ko yaron ya galabaita.

A kan yara ne abin ya fi ci mini rai. Ina da ƙanwa, 'yar kawuna, haƙoranta sun fito da launin toka-toka mai ratsin ruwan ƙasa. Mun taso ana ce mata ba ta goge baki. An gwada gawayi, an gwada asuwaki, an gwada gishiri da lemon tsami. Sai da ta zama budurwa likitan haƙori ya tambayi mahaifiyarta irin maganin da ake ba ta tana ƙarama. Ashe duk sanda cikinta ya ɓaci, ko lokacin fitar haƙori, sai a fasa kafso a dama mata a cokali. Maganin yana bin kalsiyam ya shiga haƙorin da ke ginuwa cikin dasashi, ya zauna a can, babu burushin da zai kai gare shi. Shi ya sa ba a ba yaron da bai kai shekara 8 ba, ba a kuma ba mai juna biyu, don yana ratsawa ya taɓa haƙori da ƙashin ɗan da ke ciki. Yau yarinyar nan idan za ta yi dariya sai ta sa gefen mayafi ta rufe baki, a kan maganin da tun farko ba ta buƙace shi ba.

Sai kuma batun wanda aka ɓare daga kwalinsa. Magunguna da yawa idan sun gama aiki ƙarfinsu ne kawai ke raguwa. Tetirasaikilin kuwa idan ya tsufa, ko zafi da danshi suka lalata shi, yana iya rikiɗewa ya taɓa ƙoda, kuma tun farkon shekarun 1960 likitoci suka rubuta hakan. Wanda ya yini a faranti cikin ranar tasha, ba lambar NAFDAC, ba ranar ƙarewa, wa zai rantse maka da shekarunsa?

Na san abin da wani zai ce: asibiti da nisa, layi da tsawo, kuɗin kati da na gwaji sun fi ƙarfin talaka, ga kemis a bakin layi. Gaskiya ne, kuma ba zan zagi uwar da ta ga ɗanta yana zawo cikin dare ta ɗauko abin da ta sani ba. Amma wannan maganin a doka sai da takardar likita ake sayar da shi, kuma mai kemis ɗin da ya miƙa shi ga uwar jariri ba tare da ya tambayi shekarun yaron ba, shi ne nake ganin ya fi kowa alhaki. Tambaya ɗaya ce ba ta cin ko kwabo.

Kuma cutarwar ba ta tsaya ga mai sha ba. Duk shan da bai kai ba, horo ne muke ba bakteriya, masu taurin su tsira su yaɗu. Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 1.27 suka mutu kai tsaye saboda ƙwayoyin cutar da suka daina jin magani, kuma yankin da abin ya fi muni idan aka kwatanta da yawan jama'a shi ne Afirka ta Yamma. Mu ke nan. Ga shi har a ruwan kaji muke fasa shi duk sanda muka ga kaza ta yi sanyi, washegari kuma a soya ƙwanta a wannan teburin shayin.